Wasiƙa Daga Barikin Fort Jackson

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da yara. Kun ji ni shiru wata biyu da rabi. Wayar ce ba ta hannuna, domin ranar da muka iso aka karɓe ta aka kulle, sai wani lokaci ran Lahadi a ba mu ita na 'yan mintuna. Yanzu na gama horon kurata na sojan Amurka, mako 10 cif, a nan jihar South Carolina. Tunda kun ce babban yaronku ya ƙwallafa rai sai ya je Depot na Zariya, bari in ba ku labarin abin da idona ya gani.

Makon farko ba a koya mana komai ba, rabon kaya kawai aka yi. Aka auna ƙafata kafin a ba ni but, aka sa na taka na zagaya, mai rabon ya danna kan yatsana ya ce ya matse, ya canza mini. Kaki, safa, rigar sanyi, jaka, duk suna rubuce a takarda, kuma abin da ke takardar shi ne ya shigo hannuna, ban san kowa ba, ban gaida kowa da ko sisi ba. Aka duba haƙora, aka yi mana allurai, mai matsalar ido aka yanka masa tabarau. Wallahi Yaya, a layin nan na tuna lokacin jinyar Baba, yadda muka riƙa sayen sirinji da safar hannu da kanmu kafin a taɓa shi. Da ƙafata ta yi bororo a mako na huɗu, da asuba na rubuta sunana, kafin hantsi an wanke an ɗaure, ba wanda ya ce in yanki kati.

Amma kada ku ɗauka komai kyauta ne. Sun ba mu wani kati mai kuɗi a ciki don sayen sabulu da man goge baki da reza a kantin bariki, daga baya suka cire daga albashi. Aski ma kai za ka biya. Kuma wane irin aski! Inji ne a kai, minti biyu an sallame ka, ba sannu ba ya gida. Wanzaminmu na bakin masallaci, da askarsa da ruwan ɗuminsa da hirarsa, ya fi su nesa ba kusa ba. Albashin kurtu wajen dala 2,000 ne a wata, ana raba shi biyu, ran 1 da ran 15, kuma bai taɓa latti ba.

Abinci kam akwai shi, sau uku a rana: ƙwai, kaza, shinkafa, dankali, madara, 'ya'yan itace. Sai dai lami ne, ba yaji ba daddawa, kuma minti goma ba ya cika saje zai ce a tashi. Ba a magana, kai a sunkuye, cokali kawai kake ji. Naman alade yana yawa a teburinsu, don haka kullum sai na tambaya kafin a zuba mini. Da safe akwai wani fate na tsakin masara da suke kira grits, shi ne ya fi kusa da na gida. In mun shiga daji sai a ba mu abincin leda, MRE. A ciki akwai wata 'yar jaka, ka zuba mata ruwa kaɗan, ka jingina ta da dutse, sai ta ɗau zafi tana tururi ba wuta ba gawayi. Akwai na halal, ta hannun jami'in kula da addini na samu.

Abin da suke karɓa a madadin duk wannan shi ne lokacinka. Ƙarfe huɗu da rabi an kunna fitila, wanda ya yi mini daidai da sallar Asuba, amma Azahar da La'asar sau da yawa haɗa su nake yi. Gado sai ya miƙe kamar an goge, takalma a jere. Mutum ɗaya ya bar akwatinsa a buɗe, dukanmu za mu kwanta rub-da-ciki mu yi ta ɗaga jiki da hannuwa har hannu ya mutu. Da farko na ga rashin adalci ne, daga baya na ga kowa ya fara duba kayan ɗan'uwansa kafin nasa. Ba ka zuwa ko'ina kai kaɗai, sai da abokin tafiyar da aka haɗa ku. Da dare kuma a tashe ka gadin awa guda. Saje zai yi maka ihu hularsa na taɓa goshinka, amma doka ta hana shi dukanka, kuma ban ga wanda aka mara ba.

Mun shiga ɗakin barkonon tsohuwa aka ce mu cire abin rufe fuska. Mun sauka da igiya daga hasumiya mai tsawon ƙafa 40. A harbi da bindigar M4, sai ka samu abin bara 23 cikin 40 kafin ka wuce. Zafin nan irin na Legas ne mai gumi, har sukan sa mu tsoma hannuwa cikin ruwan ƙanƙara. Na ƙarshe shi ne kwana huɗu a daji da kaya a baya, muna tafiya cikin yashi, yawanci da dare.

Ku faɗa wa yaron nan su wata shida suke yi a Zariya, ya fara gudu tun yanzu. Mu mil biyu ake gwada mu, kilomita uku da ɗoriya, ya riƙa yin haka bayan Asuba, kuma ya koyi wanke kayansa da kansa.

Jibi zan wuce makarantar koyon aikin da aka ba ni, zan turo adireshi. In an samu mai zuwa, Inna ta haɗo mini yaji da kuka da daddawa. Kilishi kam kada a saka, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninku.