Horon koyar da lissafi da kwamfuta da aka tura mu, ga abin da na gani

Gaskiya da farko ban so zuwa ba. Shugaban makarantarmu ne ya ba da sunana, wai horon kwana uku na malaman lissafi na ƙaramar sakandare, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina fama da alli da allo, a raina na ce wani sabon salon cin kuɗin mutane ne kawai. Kuɗin rajistar ma daga aljihuna ya fita, kun dai san yadda ake yi.

Rana ta biyu aka saka mana GeoGebra, wata manhajar koyar da lissafi. Kyauta ce, wani ɗan Ostiriya Markus Hohenwarter ne ya ƙirƙiro ta tun 2001, kuma in ka sauke ta sau ɗaya ba sai da data za ta yi aiki ba, nan na ɗan saki raina.

Da na dawo na gwada wa 'yan JSS 2, darasin kusurwoyin alwatika. Kullum sai dai in rubuta a allo cewa jimillarsu digiri 180 ce su haddace kamar aku. Ran nan na ari majigin ofis da laftof ɗin ƙanina, na zana alwatika, na kira wata yarinya da ke zama can layin baya, wadda ko sunanta ka kira sai ta sunkuyar da kai, na ce zo ki kama wannan kusurwar ki ja. Ta ja, alwatikar ta miƙe ta zama siririya kamar tsinken tsire, lambobin kusurwa ukun suna ta canjawa amma jimillar tana nan daram a 180. Ta sake fizga ta ɗaya gefen wai lallai sai ta ɓata lissafin. Can ta juyo ta ce "Malam wallahi ta ƙi canjawa!" aji ya kwashe da dariya, kowa na ɗaga hannu shi ma sai ya ja. Wallahi har tsikar jikina ta tashi.

Minti ashirin ba a yi ba aka ɗauke wuta. Yara sun fi saba'in, laftof ɗaya, muka koma kan alli.

Shi ne na tuna takaicin horon. Mai koyarwar komai nasa "sai kowane ɗalibi ya buɗe tablet ɗinsa", wane tablet Allah na tuba? Na tambaye shi yaya mai aji irin nawa zai yi, ya ce za a tattauna a guruf ɗin WhatsApp. Guruf ɗin kuwa admin kaɗai ke iya magana a ciki. Manhajar dai ku sauke, ba za ku yi da-na-sani ba, amma horon kam ban ce kowa ya biya ba. Satifiket ɗin da suka ce sati biyu, yau wata huɗu ke nan shiru kake ji.