Kejin waya mai naɗewa: abin da na gani bayan wata bakwai ina horar da 'yar kwikwiya da shi

A watan Nuwamba aka kawo mana 'yar kwikwiya fara mai mako tara da haihuwa, irin Lasa Afso, wanda masu sayar da karnuka ke taƙaitawa su ce Lasa. Dalilin kawo ta shi ne an taɓa haura mana katanga da dare har sau biyu, tsakar gidanmu a nan Jos kuwa ba ta da faɗin da za ta ɗauki babban kare. Asalin wannan irin daga Tibet yake, inda aka daɗe ana ajiye shi a cikin gidaje da wuraren ibada domin ya yi haushi idan baƙo ya shigo, kuma ko ya gama girma nauyinsa ba ya wuce kilo 6 zuwa 8. Yara suka sa mata suna Auduga. Tun ranar farko muka yanke cewa ba za ta shiga ɗakunan kwana ko inda ake salla ba, iyakarta baranda da lungun da ke fita tsakar gida. Duk da haka, cikin mako guda babu kusurwar da ba ta yi wa fitsari ba, uwargida kuma ta faɗa mini ƙarara cewa ko a samo dabara ko a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Likitan dabbobin da ya fara yi mata allura shi ya ba ni shawarar sayen kejin da zan yi bayani a kansa.

Kejin na waya ne, tsawonsa inci 24, wato kimanin santimita 61, yana da ƙofa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, da tiren roba a ƙasa wanda ake zarowa a wanke, sai kuma wani shingen waya da ake rataya shi a ciki domin rage faɗin wurin. Yana zuwa a naɗe kamar akwati, kuma na kafa shi cikin 'yan mintoci ba tare da guduma ko sukudireba ba.

Wannan shingen shi ne abin da na fi raina wa da farko, daga baya kuma na gane shi ne ya fi komai amfani a cikin kwalin. Da na ga ƙanƙantar Auduga sai tausayi ya kama ni, na jingine shingen a bayan ƙofa, na bar mata kejin gaba ɗaya don ta sake. Kwana huɗu a jere ina tashi in tarar ta kwanta a wannan gefe, ta yi fitsari a wancan. Da na koma wurin likitan, ya bayyana mini cewa dabarar duka ta ginu ne a kan ɗabi'ar kare ta ƙin ɓata wurin da yake kwana, to idan wurin ya yi faɗi sai ya raba shi biyu, ya mai da rabi makwanci, rabi kuma makewayi. Abin da ake so shi ne gurbin da zai ishe ta ta miƙe tsaye, ta juya, ta kwanta ta miƙe ƙafafu, ba fiye da haka ba. Na sa shingen a daren, kuma duk bayan mako biyu ko uku ina matsar da shi baya gwargwadon girmanta. Wanda zai sayi keji saboda ɗan kwikwiyo, ya tabbata ya ga shingen kafin ya biya kuɗi, domin na ga wasu ana sayar da su babu shi.

Sai dai dole in faɗi gaskiya cewa mafi yawan aikin ba kejin ne ya yi shi ba, agogo ne da haƙuri. Ƙa'idar da masu horar da karnuka ke bayarwa ita ce a ƙirga watannin ɗan kwikwiyo a ƙara ɗaya, adadin shi ne sa'o'in da zai iya riƙe fitsari. A lissafin nan Auduga za ta iya sa'a uku, amma da rana ba ta kai hakan ba, domin ƙananan karnuka mafitsararsu ƙarama ce kuma abinci yana saurin bi ta cikinsu. Don haka muka tsara fitar da ita da zarar ta farka daga barci, da kamar minti goma sha biyar bayan ta ci abinci, da bayan ta yi wasa, sannan duk bayan sa'a biyu ko da ba ta nuna alama ba. Da dare na ajiye kejin a lungu kusa da ƙofar ɗakina don in ji motsinta, na saita ƙararrawar waya ƙarfe sha biyu da ƙarfe uku, fita ta uku kuma ta zo daidai da asuba. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da ake nufi da tsayuwa a tsakar gida ƙarfe uku na dare da tocila a hannu, kuma na yi haka fiye da wata guda.

Akwai ƙananan abubuwa da suka kawo bambanci sosai. Idan na buɗe ƙofar kejin ba na barinta ta taka da ƙafarta, ɗaukarta nake yi, saboda sau biyu ta tsuguna a hanya kafin mu kai waje. Wuri ɗaya nake kai ta kullum, gindin bishiyar gwaiba da ke kusurwar gida, in maimaita kalma ɗaya, "yi maza", da ta gama kuma nan take in yabe ta in ba ta ɗan guntun hanta da aka dafa aka busar. Idan aka jira sai an koma ciki kafin a ba ta, ba za ta haɗa ladar da abin da ta yi ba. Yara sun so su riƙa ba ta kilishi da tsire, na hana, domin albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare, ban da yajin da ke ɓata masa ciki. Ban kuma fitar da ita titi ba sai da ta kammala alluran rigakafinta tana da mako 16 da haihuwa, saboda cutar farbo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawa da jini, ƙwayarta tana iya yin watanni a cikin ƙasa.

Sabawa da kejin bai ɗauki lokaci ba. A ciki muke ba ta abinci da ƙofa a buɗe, daga baya muka fara rufewa na minti biyar, sannan goma. Ta yi kuka sosai a dare uku na farko, sai na sa mata tsohuwar rigata ta kwanta a kai, abin ya ragu. Na kafa doka ga kowa a gidan cewa ba a jefa ta keji don ta yi laifi, ba a dukanta, ba a kuma goga mata hanci a fitsari kamar yadda wasu ke yi, domin abin da hakan ke koya wa kare shi ne ya ɓuya idan zai yi, ba ya daina ba.

A mako na uku ta yi gudawa a cikin kejin dare biyu, na ɗauka horon ne ya rushe, ashe tsutsar ciki ce, da aka ba ta magani ya wuce. A nan na ga amfanin tiren, wanda na zaro na wanke cikin minti biyar. Likitan ya kuma ce a riƙa rage mata gashin da ke bayanta da almakashi, tunda irin nata gashi ne mai tsawo da ke riƙe ƙazanta. Wajen goge ƙasa kuwa, duk abin wanki mai sinadarin amoniya yana barin wari irin na fitsari wanda ke jawo kare ya koma wurin, shi ya sa muka koma ga sabulu da ruwan khal.

Kejin yana da aibobinsa, kuma ba ƙanana ba ne duka. Sakatar ƙofar gefe ba ta da ƙarfi, kafin Auduga ta cika wata biyar ta koyi tura ta da hanci, sai da na ƙara ɗan maƙalin ƙarfe. Na tarar da bakin wata waya mai kaifi a kusurwar ƙasa wadda da ta yanke mata ƙafa, na goge ta da zarto, don haka ina ba da shawarar a bi kowane gefe da yatsa kafin a sa dabba a ciki. Tiren yana ƙara idan ta motsa da dare, kuma ya tsage a gefe ɗaya bayan wata shida. Fentin ya fara ɓarewa inda take cizo, da damina ta sauka tsatsa ta bayyana a wurin. Waya ba ta tare iska, wanda alheri ne a zafin Maris, amma a hunturu sai da na rufe gefe uku da bargo, na ɗora katako a sama don bargon ya yi nesa da bakinta, tunda na farkon ta jawo shi ciki ta tattaune. Abu ɗaya da ba a rubuta a kwalin ba, alhali ya kamata a rubuta, shi ne a cire wa kare abin wuya kafin a rufe shi, saboda yana iya maƙalewa a waya ya shaƙe shi.

A watan Fabrairu ta fara kwana har asuba ba tare da an fitar da ita ba, bayan wata guda kuma ta fara zuwa bakin ƙofa tana karce ta idan ta matsu. Da ruwan farko ya sauka a Afrilu ta ƙi taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta koma yi a baranda kwana biyar, sai da na kafa 'yar rumfar kwano a gindin gwaibar na koma raka ta kamar farko.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kejin irin wanda aka saba gani ne a gidaje da yawa, inda ake kulle karen gadi tun safe sai dare a sake shi. Ɗan kwikwiyon da aka rufe yini guda dole ya ɓata makwancinsa, idan kuwa ya saba kwana cikin ƙazantarsa, ɗabi'ar da ake dogaro da ita ta lalace, gyaranta kuma yana da wuya ƙwarai. Auduga ba ta taɓa wuce sa'a huɗu a rufe da rana ba, abin da ya yiwu ne kawai saboda kullum akwai mutum a gida. Wanda gidansa ke zama babu kowa daga safe zuwa yamma, ban ba shi shawarar sayen wannan keji ba. Wanda yake da mai taya shi kuma zai iya tashin dare na wata ɗaya ko biyu, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, muddin ya duba sakata da bakin wayoyi tun a shago. Yanzu Auduga tana da wata tara, na cire shingen gaba ɗaya, ƙofar kejin a buɗe take wuni, ita da kanta take shiga ta kwanta idan hayaniyar yara ta dame ta. Tiren nake neman wanda zan canza, wuraren da suka yi tsatsa kuma na goge su na shafa musu mai kafin ruwan Agusta.