Allon zane mai batir a jirgin Kano zuwa Jidda

Kafin tafiyarmu Umara na saya wa ɗiyata 'yar shekara 3 allon zane na LCD, wanda ake gogewa da danna maɓalli ɗaya. Mun yi kusan awa 5 a sama, kuma allon ya ɗauke mata hankali fiye da rabin tafiyar, ga shi ba ya ƙara, ba ya neman intanet, kuma babu tawadar da za ta ɓata farin tufafin maƙwabcinmu. Aibinsa shi ne alƙalamin yana yawan faɗawa ƙarƙashin kujera, har sai da na ɗaure shi da zare. Da aka rage hasken jirgi kuma zanen ya daina fitowa sosai, domin allon ba shi da fitila.