Ɗaukar goro a mayar, da ɗauka a ajiye gefe

Ƙanena, ka ce kai da abokinka kun yi tambaya ɗaya amma amsa ta bambanta: goro 10 a jaka, 3 ja, 7 fari, a sa hannu a ɗauka sau biyu ba tare da leƙawa ba, mece ce yiwuwar a samu ja duka biyun? Kai ka samu 9/100, shi ya samu 1/15. Babu wanda ya ɓata lissafi a cikinku. Kai ka mayar da goron farko cikin jaka, shi ya ajiye shi gefe.

Idan ana mayarwa, jakar tana komawa yadda take. Ɗauka ta farko 3/10, ta biyu ma 3/10, ka ninka su ka samu 9/100. Sau uku kuwa 27/1000. A nan mutane ke yawan ruɗewa. Wani zai ga fari ya fito sau huɗu a jere, sai ya ce ai yanzu dole ja ya fito. Ina! Goron nan 10 ne dai a ciki, 3 ja, ko sau nawa ka sa hannu. Abin da ya fito ɗazu ba ruwansa da na yanzu.

Idan ba a mayarwa, kamar ƙuri'ar 'yan adashi ce a Kasuwar Wunti ta Bauchi: wadda sunanta ya fito an cire takardarta ke nan. Ja ya fita, saura 2 cikin 9, don haka 3/10 sau 2/9, wato 1/15. Ka ga ja huɗu a jere ma ba zai taɓa yiwuwa ba, amma da mayarwa yana iya faruwa, 81/10000.

Da buhu ne mai goro 1000, 300 ja, da kusan babu bambanci: ja biyu a jere 0.09 ne da mayarwa, 0.0898 ba mayarwa.

Tunda jarrabawar WAEC kake shiri, riƙe wannan. In aka ce "aƙalla ja ɗaya cikin ɗauka uku, ana mayarwa", kada ka tsaya bin hanyoyi ɗaya-ɗaya. Lissafa yiwuwar fari zalla, 7/10 sau 7/10 sau 7/10, wato 343/1000, ka ɗebe daga 1, ka samu 657/1000. Gwada shi ba mayarwa ka turo. 17/24 ya kamata ka samu.