Sharhi: Direban DZ11 na 2.11BSD, yadda na same shi a kan SIMH

Duk wanda ya tayar da tsohuwar kwamfutar PDP-11 a cikin SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci a kan na zamani, ya tsaya a allo ɗaya, rabin abin kawai ya gani. Kamfanin DEC na garin Maynard a Amurka bai fitar da PDP-11/70 a 1975 don mutum guda ba. Inji ne da ake killacewa a ɗaki mai sanyi, a ja wayoyi zuwa ofisoshi, kowa da allonsa da madannansa, duk a ci kwano ɗaya. Abin da ke haɗa wayoyin da injin shi ne kati irin DZ11 mai layi takwas. Shi na sa a gaba a tsohuwar laftof ɗina, tare da direbansa, wato shirin da ke sarrafa katin, da ke cikin 2.11BSD, wani nau'in manhajar Unix mai tafiyar da PDP-11, kuma direban ne ya fi burge ni, ba katin ba.

Katin dai an yi shi ne don sauƙin kuɗi. Wajen karɓar rubutu yana da ƴar ma'ajiya mai ɗaukar harafi 64 da duk layukan ke zubawa ciki, wannan babu laifi. Wajen aikawa ne yake da rauni. Ba ya iya ɗebo rubutu daga ƙwaƙwalwar inji da kansa, kowane harafi sai ya katse firosesa ya ce a ba shi na gaba. Layi mai gudun bit 9600 a daƙiƙa yana fitar da harafi kusan 960 a daƙiƙa. In mutum takwas suka nemi dogon rubutu lokaci guda, katsewar ta haura 7,000 ke nan a daƙiƙa ɗaya, a kan injin shekarun 1970. Wani katin, DH11 mai layi 16, ya san yadda zai ɗebo wa kansa, amma ya fi tsada, ya fi cin wuri.

Masu rubuta BSD ba su bar abin haka ba. Suka ware wani guntun shiri mai suna dzdma, suka rubuta shi da harshen inji, aikinsa ɗaya tak: in katin ya yi kira, ya ɗauki harafi na gaba ya miƙa masa ya koma. Ba a tayar da babban ɓangaren direban da aka rubuta da C sai rubutun da aka jera ya ƙare. A kan laftof ta zamani ba za ka ji nauyin da suka rage ba, gaskiya ke nan. Amma na buɗe dz.c na bi shi layi-layi, gajere ne, mutum zai iya karance shi a zama ɗaya ya fahimci inda kowane harafi ke bi. Wannan kaɗai ya isa in ba ɗalibin kwamfuta shawarar ya duba shi.

Kafin ya yi aiki sai wuri uku sun yi magana ɗaya. Dole zuciyar manhajar (kernel) ta zama an gina ta da NDZ, saitin yawan katunan DZ, a kunne. Dole layin dz a fayil ɗin /etc/dtab ya ɗauki adireshi da lambar katsewa, wadda katin ke kiran firosesa da ita, daidai da abin da SIMH ya ba katin. Sannan a kunna layukan takwas, tty00 zuwa tty07, a /etc/ttys. Na biyun ne ke cin lokacin mutane. Adireshin 160100 yawanci ba ya sauyawa, amma lambar katsewa tana iya zama 300 ko 310, ya danganta da sauran katunan da ka saka. In suka saɓa, za ka shigo ta telnet, shirin shiga inji daga nesa, SIMH ya yi maka maraba, daga nan shiru, babu tambayar suna. Umarnin show dz yana nuna lambar gaskiya, ka kwafe ta kawai.

Sake gina zuciyar manhajar ma ba wasa ba ne. PDP-11 ba ya ganin fiye da kilobait 64 na umarnin shiri a lokaci guda, don haka an yanka zuciyar gunduwa-gunduwa, kowace kada ta wuce bait 8,192. Ka ƙara direba ɗaya, wata gunduwa ta cika ta batse, sai ka zauna kana matsar da fayiloli daga wannan zuwa waccan a cikin Makefile, fayil ɗin da ke tsara ginin, har lissafin ya daidaita. Ba laifin direban ba ne, halin injin ne, amma sabon shiga ya sani tun da wuri.

Da komai ya zauna, na haɗa katin da ƙofar telnet mai lamba 4000, yaran gidanmu suka shigo ta wayoyinsu. Na buga who, sunayensu suka jeru, kowa da layinsa. Ɗan ƙanwata ya gano umarnin write da kansa, sai ga rubutu ya faɗo min tsakiyar allo: "Kawu, wai da gaske duk inji ɗaya muke ciki?" Babu layin da ya maƙale, babu harafin da ya ɓace, har da lokacin da nake gina wani shiri su kuma suna ta buɗe fayiloli. Abu ɗaya zan ja hankali a kai: a sa alamar -am wajen haɗawa. Ita ke sa injin ya lura in mutum ya yanke waya, ya rufe masa zama. In babu ita, na bayansa zai iya faɗawa cikin asusun wanda ya tashi.

Na so in yi irin wannan da Unix bugu na shida na 1975, amma shi ba shi da direban DZ11 ko kaɗan. Katin yana nan, SIMH na nuna shi, manhajar ba ta san da zamansa ba. Sai dai a koma katin DC11 ko DL11, ko a haura zuwa bugu na bakwai na 1979 wanda ya zo da nasa.

Mai son ganin yadda ake raba inji ɗaya tsakanin mutane, ya fara da 2.11BSD da DZ11. Wanda Allah ya ba inji na gaske mai Q-bus, wani tsarin haɗa katuna na DEC, katinsa DZV11 layi huɗu gare shi kuma direban ɗaya ne. In masu aikin suna da yawa kuma rubutu na fita sosai, gara ya nemi DHV11, katin da ke ɗebo rubutu da kansa, 2.11BSD na da direbansa shi ma.