Wane Katin Gaisuwa Za Ka Saya Idan Ba Ka So Ya Ƙare a Juji?

Bayan bikin sabuwar shekara na juye wani kwalin takalmi a kan teburi, cike da katunan gaisuwa na shekara da shekaru. Niyyata in ware waɗanda zan yanka in sake amfani da su, sauran kuma a kai wa masu sake sarrafa takarda. Kafin in ankara, tsibi na uku ya fi kowanne tudu: katunan da ba su yankuwa da daɗi, kuma ba a karɓarsu a matsayin takarda. Abin haushin, su ne suka fi kyau a ido. Tun ran gini ran zane. Tun a wurin saye ake yanke wa kati makoma.

Mu fara da mai ƙyalƙyali, tunda shi ke fara jan ido. Wannan garin mai walƙiya roba ce da aka shafa wa alminiyam aka daddatsa ƙanana. Masu sarrafa takarda jiƙa ta suke yi a ruwa har ta zama kamar kunu, su tace, su wanke tawada, sannan su shimfiɗa sabuwa. Takarda tana narkewa, ƙyalƙyali ba ya narkewa, kuma ƙanƙantarsa kan sa ya tsallake rariya ya ɓata sabuwar takardar ko ya bi ruwa. Shi ya sa a 2020 manyan kantunan Birtaniya irin su Morrisons da Waitrose da John Lewis suka cire shi daga kayan Kirsimetin da suke yi da sunansu. Gwajinsa ba wuya: goga babban yatsa a fuskar katin. Idan yatsan ya dawo yana walƙiya, mayar da katin inda ka ɗauko shi. Ko yankawa za ka yi, sai ka kwana biyu kana ganin burbushinsa a riga.

Mai ruwan gwal ko azurfa yana tsaka-tsaki. In ɗan rubutu ne kawai aka buga da shi, ana iya yage wurin a kai sauran. In duk fuskar ce, ko an lulluɓe ta da siririyar leda mai santsi, ya fita daga sahun takarda. Yaga gefen wani tsoho ka gani: takarda zalla tana yagewa da gashi-gashi, mai leda kuwa sai ka ga wata fata tana miƙewa. Katin hoton iyali da aka wanke a takardar hoto shi ma haka yake, akwai roba gaba da baya. Sai dai shi ba kasafai ake jefar da shi ba.

Mai kiɗa kuwa kyan ɗan maciji ne. A cikinsa akwai waya, da ƙaramin lasifika, da batir mai siffar maɓalli. Wannan batirin idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2, kuma bai kamata ya shiga shara ba balle cikin takardu. Na taɓa ɓare ɗaya da reza, gam ɗin ya ci rabin hoton kafin in kai ga batirin. Gidan da ke da ƙananan yara, ni dai ba zan aika masa irin wannan ba.

Akwai na zamani da ake cusa irin furanni a takardarsa, a jiƙa a binne ya tsiro. Dabara ce mai kyau, amma iri yana mutuwa idan ya daɗe a ajiye, kuma ƙasashe irin su Ostareliya suna tsananta bincike kan duk saƙon da ke ɗauke da iri. Na hannu da hannu ne, ba na aikawa nesa ba.

Wanda ya cinye gasar a wurina shi ne mafi rashin hayaniya: takarda mai kauri marar sheƙi, ninki biyu. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wanda wani ma'aikacin gwamnatin Birtaniya mai suna Henry Cole ya sa aka yi a Landan a 1843, guda 1,000, falle ɗaya ne na kwali da aka yi wa launi da hannu, kuma wasu daga ciki suna nan har yau. Abu biyu nake dubawa. Na farko kauri: takardar buga rubutu giram 80 ce a kowace murabba'in mita, kati mai kyau kuwa daga 250 zuwa 350. Ƙasa da haka, in ka huda shi ka zura zare sai ya yage. Na biyu, kuma shi ne abin da masu saye ba sa lura da shi, bayan hoton. Buɗe katin ka dubi shafin hagu. In fari ne fes, to kati biyu ka saya: wanda ka aika wa zai iya yanke fallen gaba ya yi alamar shafin littafi, ko 'yan katunan suna na ɗaurawa a jikin kyauta, ko ya manna shi a sabon kwali ya aika wa wani baɗi. In kamfani ya cika wurin da baitoci, an toshe wannan ƙofa. Hoton da ba ya ɗauke da shekara ko sunan biki ya fi daɗewa yana amfani.

Juya bayansa kuma ka nemi tambarin FSC, ƙungiyar da ke tantance cewa an samo takarda ba tare da ɓarnata daji ba: ɗan itace ne mai alamar maki. Iri uku ne, kuma wanda aka rubuta Recycled a ƙarƙashinsa ne aka yi da tsohuwar takarda. Kalmomi irin su "mai kare muhalli" ba tare da tambari ba, ado ne kawai. Ambulan fari ko ruwan ƙasa ya fi ja mai duhu ko mai shafin gwal a ciki, kuma daurin kati goma a kwali ɗaya ya fi goma da kowanne ke cikin ledarsa.

Kayan aikin yankan ba su da yawa. Almakashi mai kaifi, rula, gam na sanda, da abin huda takarda mai rami ɗaya sun wadatar. Injin yanka siffofi sai ga mai yin ɗaruruwa. Gam na ruwa kuwa yana sa kati ya lanƙwashe, sai ka danne shi da littafi mai nauyi ya kwana.