Kafin ka zaɓi hotunan tauraron ɗan'adam, bincika yadda aka saita ma'auninsu

In kana son bin sauyin daji ko gona ko tafki na tsawon shekaru, kada kyawun hoto ya ɗauke maka hankali. Idon na'urar da ke sama yana dusashewa da tsufa, kuma na'urori biyu ba sa karanta haske iri ɗaya. In ba a saita su ba, sai ka ɗauka ciyayi ne suka ragu, alhali na'ura ce ta gaji.

Ni dai HLS nake so, wato haɗakar hotunan taurarin Landsat na Amurka da na Sentinel-2 na Turai, wadda hukumar NASA ke fitarwa kyauta. Landsat tun 1972 yake aiki, kuma ba a wasa da awonsa. Landsat 8 yakan juya ya kalli wata domin gwada idonsa, ana kuma auna shi da hamadar Libiya wadda haskenta kusan ba ya canzawa. Da aka harba Landsat 9 a 2021, sai da aka bi da shi ƙarƙashin ɗan'uwansa Landsat 8, suka ɗauki wuri ɗaya a lokaci guda aka kwatanta. HLS na cire tasirin iska da ƙura, ya gyara bambancin kusurwar kallo, ya jawo launukan Sentinel-2 su dace da na Landsat, kowane ɗigon hoto yana ɗaukar mita 30 na ƙasa. Duk kwana biyu zuwa uku ka sami hoto.

MODIS, wata na'urar NASA, hotonta ba ya fitar da ƙananan abubuwa, bai dace da ƙaramin fili ba. Ƙananan taurarin kamfanoni kuwa hotonsu tar, amma da yawansu da awon manya suke dogara.

Inda na ƙone shi ne wajen wani dillali da ya sayar mini da tarin hotuna, wai "an daidaita". A Janairun 2022 an sauya tsarin sarrafa bayanan Sentinel-2, aka ƙara 1000 a kan alƙaluman, kuma an sanar da kowa. Shi bai cire ba, ya cakuɗa tsoho da sabo. Wata uku ina neman dalilin sauyin da bai faru ba.

Don haka ka nemi fayil ɗin bayanan da ke rakiyar kowane hoto, da lambar tsarin sarrafawa. Ka tambayi wurin da aka gwada awon a ƙasa, irin Gobabeb a Namibiya ko Railroad Valley a Amurka. Wasu launi kawai suke gogewa ya yi sheƙi su kira shi saiti. Wanda ya ce hanyarsa sirrin kamfani ce, bar masa kayansa.